Kayan Barka Da Kyautar Yara: Daidai Ruwa Daidai Tsaki

Jawabin da wata 'yar kasuwa mai sayar da atamfa da kayan yara ta gabatar a taron ƙungiya, a Sabo, Ibadan.

 

An nemi in yi magana a kan kayan barka da kyautar da muke kai wa ƙananan yara. Wani zai ce wannan ai zancen mata ne. To, kuɗin dai daga aljihun maigida yake fita, in bashi ne kuma gidan gaba ɗaya yake hana barci, saboda haka maza ma ku ba ni aron kunnuwanku.

Mun sani cewa zamanmu a nan Kudu ba kamar na gida ba ne. A Kano ko Katsina ko Sakkwato, in mace ta haihu, ga kaka, ga gwaggo, ga inna. Wannan ta kawo baho, waccan ta ba da aron zanen goyo. A nan kuwa, sau da yawa yarinya za ta haihu uwarta tana can Arewa, kuɗin motar zuwa wankan gida ya gagara. Tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 abin ya ƙara tsananta. Ke nan mu maƙwabta mu ne dangi, kuma abin da muka kai shi ne abin da mai jego za ta dogara da shi. Don haka bai kamata mu yi wasa da zaɓensa ba.

Amma me muke gani? Mace za ta ci bashi ta sayi saitin kaya mai ƙyalli a cikin kwali, don kawai a ɗaga ranar suna a ce wance ce ta kawo. Ga kuɗin anko a gefe. Ga al'adar nan ta biki, wadda in na kawo miki abu, ranar tawa sai kin ninka. Haka ake ta ninkawa har ya kai mace tana jin an yi haihuwa gabanta ya faɗi maimakon ta yi murna. Akwai waɗanda suka daina zuwa barka don kunyar abin hannunsu, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mata da kada maƙwabciya ta raina abin da za ta bai wa maƙwabciyarta komai ƙanƙantarsa. Zumunci a ƙafa yake, ba a kwali ba.

Ni mai sayar da kayan nan ce, in kun sayi mai tsada ni ke da riba. Duk da haka ga gaskiyar abin da jariri yake buƙata.

Na farko, gidan sauro mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne suka fi mutuwa. Damina a nan ta fi ta Arewa tsawo, ga kwatami a bakin ƙofa. Gidan sauro mai kyau yana kai kimanin shekara 3 yana aiki, uwa da ɗa su kwana a ciki. Wace riga ce za ta yi wannan aikin?

Na biyu, sabulun wanki da na wanka marar ƙamshi mai ƙarfi, da man kaɗanya ko basilin. Gidan da aka yi haihuwa wanki ba ya ƙarewa. Ba a taɓa jin mai jego ta ce sabulu ya yi mata yawa ba. Haka nan zanen goyo da majanyi da tawul. Atamfar da ta ɗan sha wanki ma ta fi sabuwa laushi a jikin jariri.

Na uku, in riga za ki saya, ki sayi ta auduga, kuma ki sayi babba. Kowa na kawo ta ɗan sati ɗaya, sai ka ga riga goma sha, yaro bai sa rabinsu ba sun matse shi. Ke ki kai ta ɗan wata shida ko shekara, ranar da sauran suka ƙare taki ce za ta fito. Ki guji mai leda-leda da rigunan sanyi masu kauri. Gumin garin nan ƙuraje yake fesa wa yaro. Gwanjo mai kyau kuma ba abin kunya ba ne, a wanke shi tas, a shanya a rana, a goge.

Na huɗu, kada a manta da uwa. Likitoci sun ce a bai wa jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa ba sai an ƙara ba. To nono daga cikin uwa yake zuwa. Mudun gero, gyaɗar kunu, wake, kayan yaji, gawayi ko kuɗin gas, duk kyautar jariri ce. Haka kuɗin mota zuwa rigakafi: ana zuwa da an haihu, a koma a sati 6, sati 10, sati 14, sai kuma wata 9, da abin da ma'aikatan asibiti suka rubuta a kati bayan nan. Yara nawa ne suka tsallake allura don babu na abin hawa a ranar?

Yanzu ga abubuwan da nake roƙon mu daina kaiwa, ko da araha suke.

Kada a kai magani a matsayin kyauta. Manya a cikinmu za su tuna shekarar 2008, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin ya hallaka yara sama da 80 a ƙasar nan saboda gubar da ta shiga cikinsa. Magani aikin likita ne.

Kada a kai kwalli, wanda maƙwabtanmu Yarbawa suke kira tiro. Na san mun gada, amma an sha gwada shi ana samun dalma a ciki. A shekarar 2011, a birnin Boston na Amurka, an sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Kada a kai zuma ga yaron da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa yaƙar ta ba. Haka bulumboti da madarar gwangwani, sai fa in likita ne ya ce. Ga tsada, ga gudawa in ba a wanke da kyau ba.

Sai mu zo kan yaran da suka fara rarrafe da tafiya, zuwa shekara 3. Waɗannan komai baki suke kaiwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk abin da zai shige bakin yaro gaba ɗaya, ko wanda wani ɓangarensa zai ɓalle, a bar shi a kasuwa. Kafin ki biya, ki ja idon 'yar tsana, ki murɗa tayar mota. A kula da balan-balan, da duwatsun wuya, musamman kuma ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli da ke cikin kayan wasa masu kiɗa da wuta. In yaro ya haɗiye shi, cikin 'yan sa'o'i yake ƙona maƙogwaro. Keken nan da ake zaunar da yaro a ciki yana yawo, ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda faɗuwa. Mu kuma ga gidajen haya masu matakala, ga murhu a tsakar gida.

Me ya rage? Ƙwallo babba ta roba. Takalmi mai laushi, a ɗan ƙara lamba. Kofi da kwano da cokali nasa na kansa. Littafi mai hotuna da takarda mai kauri, a riƙa nuna masa ana faɗar sunan kowane abu da Hausa, don yaranmu na nan sun fi jin Yarbanci da Turanci a waje. In ya doshi shekara 3, ɗan allo. Kuma in za ki barka, ki riƙe wani ɗan abu na yayan jaririn, wanda aka sauke daga baya jiya-jiya, kowa ya manta da shi.

Daga ƙarshe ina da shawara uku ga ƙungiya. Ɗaya, mu riƙa tambaya: "Me kike da shi, me ya rage?" Babu kunya a ciki. Biyu, mu riƙa haɗa kuɗi mu huɗu ko biyar, a je Agbeni a sari sabulu a katan, ko Gbagi a sari zane, farashin sari ba ɗaya yake da na ɗai-ɗai ba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Uku, mu yarda a tsakaninmu cewa an daina ɗaga kaya ana shela ranar suna, an kuma daina ninki. Kowa ya kawo daidai ƙarfinsa. Wadda ba ta da ko sisi, ta zo ta yi wa mai jego wanki ko ɗiban ruwa na kwana biyu; wallahi ba za a manta da ita ba.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu jego lafiya, Ya rufa mana asiri a wannan zama namu.