Kuɗin Jama'a da Littafin Jama'a: Dokokin Saye da Haraji a Ɗakunan Karatu



Duk littafin da aka saya wa ɗakin karatu na gwamnati, irin na Murtala Muhammad da ke Kano, sai da ya bi ta hannun doka kafin ya iso hannun mai karatu. A matakin tarayya, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ce ke aiki, ita ce kuma ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangiloli. Jihohi suna da nasu dokokin masu kama da ita. Ginshiƙin dokar shi ne gasa a fili: a tallata aiki a jaridu, a ba 'yan kwangila wa'adi, a buɗe takardunsu gaban kowa, sannan a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi.

Ina goyon bayan wannan tsari, domin dukiyar jama'a amana ce. Amma littafi ba buhun siminti ba ne, da za a ce wannan daidai yake da wancan. Idan takardar neman kwangila ta ce "littattafan kimiyya" kawai, mai neman riba zai kawo tsohon bugu, ko na satar fasaha mai dusasshen rubutu, ya kuma ci gasar saboda araha. Maganin wannan yana hannun ma'aikacin ɗakin karatu. Shi ya kamata ya rubuta jerin littattafan da kansa: sunan littafi, marubuci, kamfanin ɗab'i, bugu na nawa, da lambar ISBN. Ranar da kaya suka iso, shi zai duba su ɗaya bayan ɗaya kafin a sa hannu a biya.

Sai batun haraji. An kawo harajin VAT a Najeriya da dokar 1993, a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Doka ta sauke wa littattafai wannan haraji, amma kantoci da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki suna ɗauke da shi. Kantocin naira miliyan 10 harajinsu naira 750,000 ne. Idan aka haɗa littattafai da kayan ɗaki a takardar kuɗi guda ba tare da rarrabewa ba, sai a biya haraji inda doka ta yafe, kuɗin littattafai da yawa su tafi a banza.

Abin da ya fi damuna shi ne marubutanmu na Hausa. Da yawansu da kuɗin aljihunsu suke bugawa, ba su da rajistar kamfani, balle takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da ake nema. Don haka ba sa shiga gasar, littattafansu kuma ba sa shiga ɗakin karatu. Alhali dokar tarayya ta yarda a sayi kaya kai tsaye idan a wuri ɗaya kaɗai ake samunsu. Ina kira ga hukumomin ɗakunan karatu su ware wani kaso na kasafinsu don littattafan harsunanmu, marubuta kuma su haɗa kai su yi rajista a ƙungiyance, domin su ma su samu shiga.