Haƙƙin Talaka Da Jerin Sunaye

 

Duk wanda ya ga jiya a Nijeriya zai tuna shirye-shiryen yaƙi da talauci. A 1987 aka zo da Better Life saboda matan karkara, a 1994 aka maye gurbinsa da Family Support, a 2001 aka kafa NAPEP, daga baya kuma aka shiga raba Naira 5,000 duk wata ga gidajen da aka ce sun fi kowa fatara. Wani ɓangare na wannan kuɗin ma, abin mamaki, daga dala miliyan 322 ɗin da Suwizalan ta dawo da su na Abacha aka ɗebo shi. Suna yana sauyawa, talaka yana nan inda aka bar shi.

A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, bayan fitowar wata takarda mai umurnin a zuba Naira miliyan 585 na tallafi a asusun wata mata. Ita ta musanta aikata laifi. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a 1985 Firaministan Indiya, Rajiv Gandhi, da bakinsa ya ce kashi 15 cikin ɗari kawai na kuɗin da ake warewa ke isa hannun mabuƙata.

To amma, 'yan uwa, wannan ita ce ɓarnar da jaridu ke gani. Wadda ta fi cin talaka a jerin sunaye take, kuma a unguwanninmu ake yinta. Ana zama a ɗaki a rubuta sunaye, ɗan siyasa ya kawo 'yan koransa, jami'i ya cusa matansa da surukansa, har matattu a kan tashe su su karɓi rabo. Bazawarar da ke riƙe da marayu ba ta san an yi ba. In ma ta samu, an zaftare rabi da sunan kuɗin fom, ta durƙusa tana godiya, domin ta ɗauka kyauta ce. Alhali haƙƙinta ne daga baitulmali.

Mun san ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda Manzo (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. A kan mumbari, a gaban jama'a, aka yi inkarin abin. Mu kuwa, in mai rubuta sunayen yana sahun gaba a masallacinmu, sai kunya ta kama mu.

Saboda haka kowane reshe ya je wurin mai unguwa da kansila, a nemi a liƙa sunayen a bainar jama'a, tare da adadin abin da aka ware wa kowane gida. A karanta wa waɗanda ba su iya boko ba.