Sigarin Lantarki: Wane Ruwa Za A Zaɓa?

 

Ya ku 'yan'uwa, matasanmu na Ikara da Makarfi da Kudan sun aiko da tambaya game da sigarin lantarki, suna cewa: tun da ruwan da ake zuba masa iri-iri ne, wanne ne ya fi sauƙin illa? Malaman usulu sun koya mana cewa ba a hukunta abu sai an san haƙiƙarsa, saboda haka bari mu fara da saninsa.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera wannan na'ura a 2003. Batir ne ke dafa ruwan har ya zama tururi, sai a zuƙa. Ruwan kuwa haɗi ne na sinadarai biyu masu ɗaukar tururi, da kayan ƙamshi, da nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kasa rabuwa da taba.

Nikotin ɗin kashi biyu ne. Na farko shi ne tsantsarsa, wanda ke ƙona maƙogwaro idan ya yi yawa, don haka galibi ake sayar da shi da ƙarfin miligiram 3 zuwa 18 a kowace mililita. Na biyu shi ne wanda ake kira gishirin nikotin, wanda kamfanin Juul ya yaɗa a Amurka daga 2015. An gauraya shi da wani asid domin ya yi laushi, har ƙarfinsa kan kai miligiram 50 ba tare da mai sha ya yi tari ba. Tarayyar Turai ba ta yarda a wuce 20 ba. To, ku lura: wanda ya fi daɗin zuƙa shi ya fi saurin kama mutum. Wanda aka rubuta masa "babu nikotin" kuma, an sha gwada irinsa a tarar da nikotin a ciki.

Adalci ya wajaba. Likitocin Ingila suna ganin wanda ya bar taba gaba ɗaya ya koma wannan ya rage wa kansa illa, domin babu hayaƙin ƙuna. Amma ba su ce babu illa ba, kuma suna gargaɗin wanda bai taɓa shan taba ba da kada ya fara. Indiya ta haramta shi a 2019, Birtaniya kuma ta hana sayar da na sha-ka-yar a 2025.

A wajen shari'a, da taba ta shigo, Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, ya halatta ta, domin a lokacin cutarwarta ba ta bayyana ba. Da ta bayyana, sai mafi yawan malaman zamani suka hana, bisa ƙa'idar gusar da cuta da hana almubazzaranci. A kan haka majalisar fatawa ta Maleshiya ta haramta sigarin lantarki a 2015, ƙungiyar Muhammadiyya ta Indonesiya ta bi sahu a 2020.

Ƙasar Zazzau ta san taba, har kamfanin sigari aka kafa a Zariya. Kada mu bari kuɗin rake da tumatir su koma tururi. Wanda bai fara ba, amsarsa ita ce kada ya zaɓi ko ɗaya. Wanda taba ta riga ta kama, ya je wurin likita a tsara masa hanyar bari, mu kuma mu taimake shi ba da gori ba. 'Yan tireda su sani dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Iyaye kuma su kula, ruwan nan guba ne idan yaro ya haɗiya.

Allah Ya kare mana zuriya. Wassalamu alaikum.