Gyara Daga Nesa: Yadda Aka Farfaɗo Da Kumbon Voyager 1



Dukanmu mun saba, in rediyo ya lalace sai a kai wa mai gyara ya buɗe cikinsa ya duba. To, yaya za a yi da na'urar da hannu ba ya kai gare ta, ido ma ba ya ganinta?

Amurka ta harba kumbon Voyager 1 ran 5 ga Satumba, 1977, ba mutum a cikinsa. Ran 14 ga Nuwamba, 2023, yana nesa da duniya fiye da kilomita miliyan dubu 24, sai ya shiga aiko da jerin lambobi marasa ma'ana. Umarni kam yana ji, bayani ne ya gagare shi, tamkar majinyacin da harshensa ya karye. Ga shi kuwa a lokacin saƙo yakan yi awa 22 da rabi kafin ya isa gare shi, amsa ma haka. Wato kowace tambaya injiniyoyin da ke Kalifoniya suka yi masa, sai sun jira kusan kwana biyu.

Waɗanda suka ƙera kwamfutar kumbon sun daɗe da barin aiki, wasunsu ma sun rasu. Dole aka koma tonon tsofaffin takardun da suka bari. 'Yan'uwanmu sababbin ma'aikata, ku dubi wannan da kyau: da gara ta ci fayilolin nan, da zance ya ƙare.

A watan Maris na 2024 aka aika masa da wani umarni na gwaji, sai ya zazzago duk abin da ke ajiye a ƙwaƙwalwar kwamfutar. Da aka gwada shi da na dā, sai aka ga kashi 3 cikin 100 ya lalace, saboda wani ɗan guntu guda ya mutu. Ba dama a sāke shi, sai dai a kauce masa. Amma babu gurbi guda da zai ɗauki umarnin da ke cikinsa, don haka aka yanyanka su, aka cusa kowane yanki inda aka sami sarari, aka kuma gyara kwatancen da zai sa su gane juna. A ganinmu nan ne gwanintar take, domin ba su da kwamfuta irinta a ƙasa da za su fara jarrabawa, kuskuren lamba ɗaya kuwa yana iya ƙara dagula al'amarin.

Ran 18 ga Afrilu aka aika da kashin farko na gyaran. Ran 20 ga wata amsa ta iso, aka karanta ta sarai, bayan wata biyar. Cikin watan Yuni dukan na'urorinsa huɗu na bincike suka koma aiko da bayani, ko da yake a Fabrairun 2025 an kashe ɗaya daga cikinsu don tsimin wutar lantarki.