Ma'aikacin Gidan Waya da Kwalbarsa



Littafin da za mu duba yau shi ne Post Office, wato Gidan Waya, na Ba'amurke Charles Bukowski, wanda aka buga a 1971. Marubucin ya shafe fiye da shekara 10 yana aikin gidan waya a birnin Los Angeles, kuma daga nan ya ɗebo labarinsa.

Tauraron littafin, Henry Chinaski, mai raba wasiƙu ne, daga baya ya koma tantance su. Rayuwarsa ba ta wuce giya, cacar sukuwar dawaki da takardun gargaɗi daga shugabanninsa ba. Giya ta kashe masoyiyarsa Betty, amma bai daina ba.

Masu karatu sukan ce maye ne ya lalata shi. A ganina, aikin da yake auna mutum da agogo, ba ya kula da mutuncinsa, shi ma yana da nasa alhakin. Wannan ba uzuri ba ne ga mashayi. Amma ku da za ku shugabanci ma'aikata gobe, kafin ku sa hannu a takardar gargaɗi, ku tambayi kanku abin da ofis ya mayar da mutumin.