Kula da Murhun Gas a Gidajen Alƙahira

Mutane da yawa in an ambaci ƙasar Masar, ba abin da ke faɗo musu a rai sai rairayi da zafin rana. Amma duk wanda ya taɓa yin hunturu a birnin Alƙahira ya san akwai sanyi mai ratsa ƙashi, musamman cikin watan da Misirawa ke kira Ɗuba, wanda ke kamawa daga wajen 9 ga Janairu zuwa farkon Fabrairu. A cikin waɗannan kwanaki ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 10 da dare, ga shi kuwa galibin gidajen birnin ba a gina su da hanyar ɗumama ɗakuna ba. Saboda haka jama'a sukan dogara ga ƙananan murahu na gas, da kuma na'urar dafa ruwan wanka wadda ake kafawa a jikin bango, wadda a can ake kira sahhan.

Gas iri biyu ne ke shiga gidajen Alƙahira. Akwai na tukunya, watau butagaz, wanda masu talla ke yawo da shi unguwa unguwa suna buga tukunyar da ƙarfe don a san sun iso. Tukunyar gida tana ɗaukar kilo 12 da rabi. Sa'an nan akwai na bututu, wanda aka fara jawowa cikin gidajen birnin a farkon shekarun 1980, bayan an gano rijiyoyin Abu Madi a 1967 da na Abu Garadiƙ a 1969. A shekarar 2015 kuma kamfanin Eni na Italiya ya gano babbar rijiyar Zohr a cikin Bahar Rum, aka fara ɗebo gas daga cikinta a ƙarshen 2017. Sanin bambancin nan yana da amfani, domin kowane iri da girman kafar da yake bukata a bakin murhu. Wanda ya haɗa murhun tukunya da gas na bututu ba tare da an sauya masa baki ba, wutarsa ba za ta ci daidai ba.

To, mene ne haɗarin? Wuta ba ta ci sai da iska. Idan iskar ta wadata, gas yakan ƙone sarai, harshen wutar ya fito shuɗi. Idan kuwa ta yi ƙaranci, ko ƙura ta toshe bakin murhun, sai wutar ta koma rawaya, ta dinga fid da wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da ake ji in gas ya zuba, wani sinadari ne kamfanoni ke sawa da gangan don faɗakar da mutane, amma ita gubar hanci ba ya kama ta ko kaɗan.

Tun a 1857 wani masani Bafaranshe, Claude Bernard, ya bayyana yadda take kisa. Jini yana da wani sinadari mai ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki, ita kuwa gubar tana manne masa da ƙarfin da ya ninka na iskar numfashi fiye da sau 200. Sai mutum ya zama yana numfashi amma jikinsa yana shaƙewa. Abin kan fara da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, har mai shi ya zaci mura ce ta kama shi. In yana cikin banɗaki ya kulle ƙofa, yana iya faɗuwa kafin ya kai hannu ga sakata. Shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suka yi ta shiga rami da tsuntsun kanari, bisa shawarar masanin nan John Haldane, domin tsuntsun kan riga mutum faɗuwa. Ba a daina haka ba sai a 1986.

Kowace shekara in sanyi ya shigo, jaridun Masar ba sa rabuwa da labarin waɗanda aka tarar a sume ko a mace a banɗaki, kuma Cibiyar Maganin Guba ta asibitocin Jami'ar Ain Shams tana cikin wuraren da ke karɓar irin waɗannan majinyata. Maganar ta shafi Hausawa kai tsaye, domin ɗalibai masu yawa daga Nijeriya da Nijar da Gana suna karatu a Jami'ar Azhar, wasunsu kuma suna haya a unguwar Madinat Nasr da kewayenta. Baƙo da ya tarar da sahhan a gidan haya, bai san shekarunsa ba, bai san ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe ba.

Abin da ya kamata shi ne a kira ƙwararren mai gyara sau ɗaya a shekara, tun kafin sanyi ya shigo. Aikinsa na farko shi ne share bakin murhun, domin ƙurar Alƙahira, balle wadda iskar hamsin ke kwasowa da bazara, takan taru a cikin ƙananan kafofin. Na biyu, ya duba bututun hayaƙi, ya tabbata ya fita har waje, bai ɓule ba, tsuntsu kuma bai yi sheƙa a ciki ba. Na uku, ya wanke dattin da ruwa ke bari a cikin bututun tagulla, wanda ke hana zafi ratsawa har a riƙa ƙona gas a banza. Daga nan ya gwada ɗan ƙarfen nan mai yanke gas da zarar wuta ta mutu, ya kuma sauya tiyo in ya bushe ko ya fara tsagewa.

Shi ma mai gida yana da nasa rabon. Wurin da ya fi dacewa da sahhan shi ne wajen banɗaki, inda iska ke kaɗawa. Kafar iska da aka bari a taga ko a bango, kada a toshe ta da tsumma don gudun sanyi, gama ita ce numfashin wutar. Baƙin hayaƙi a bango bisa na'urar, ko wutar da ta koma rawaya, alamu ne na a kashe nan take a nemi mai gyara. In ana zaton gas yana zuba, da ruwan sabulu ake gwadawa, a ga inda kumfa ke tashi, ba da ashana ba. Gas na bututu ya fi iska sauƙi, sama yake tashi, na tukunya kuwa ya fi ta nauyi, a ƙasa yake kwanciya, don haka ba a ajiye tukunya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kuma ba a kwana da murhu yana ci a ɗaki rufe. A yau akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke yin ƙara in gubar ta taru, ita ce ta gaji aikin kanari.

Idan har aka tarar da mutum ya faɗi, a buɗe tagogi, a rufe gas, a fitar da shi sarari, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo, domin maganinsa iskar oksijin ce tsantsa, kuma illar tana iya bayyana a ƙwaƙwalwa bayan kwanaki. A Masar lambar motar asibiti ita ce 123, ta ma'aikatan gaggawa na gas kuwa 129.

Wannan darasi bai tsaya a bakin Kogin Nilu ba. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a Kano ko Maraɗi lokacin hunturu, da janareton da ake tayarwa a zaure a rufe ƙofa, irin wannan guba suke fitarwa, hanyar kisansu kuma ɗaya ce. Ko a Alƙahira ko a Katsina, ladan mai gyara da 'yar kafar iska a taga sun fi kuɗin asibiti araha nesa ba kusa ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.