Ɗalibin Da Bai Taɓa Tsayawa Gaban Aji Ba

Tun da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021, hankalin iyaye ya karkata kan sakamakon jarrabawa. Hakan daidai ne, amma jami'a na buƙatar wani abin da takardar sakamako ba ta nunawa. Ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya kare aikinsa da bakinsa, kuma wanda ya shekara shida a sakandare yana ɓuya a bencin baya, ranar nan takarda za ta yi ta rawa a hannunsa, murya ta sarƙe. Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin muhawara a makarantun Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa sun cancanci lokaci a jadawali da malami mai kula, kuma shugabancinsu ya riƙa zagayawa, kada ya tsaya kan masu bakin nan biyu ko uku da ba a rasa su a kowane aji.

Wasu iyaye kan ce wannan hanyar fitsara ce, musamman ga 'ya mace. Tsoronsu ba na banza ba ne. To amma a dubi musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986. Yarinya takan zauna gaban alƙalai da ɗimbin jama'a, a ja mata baƙi ta ɗora, ta yi tuntuɓe a buga ƙararrawa ta gyara, ba wanda ya ce ta zubar da kunya. Maimaici ne ya cire mata fargaba. Muhawara ma haka take koyar da jiran layi, sauraron abokin hamayya har ya dasa aya, sannan a mayar masa da hujja cikin ladabi.